Karo a Bakin Kwana: Wa ke da Laifi a Titunan Agege?

Duk wanda ke bin Old Abeokuta Road ko Iju Road a Agege ya san inda haɗari ya fi yawa. A bakin ƙananan layukan da ke fitowa daga cikin unguwa su haɗu da babban titi ne. Nan ɗan okada ke kutsowa da fasinja, nan danfo ke tahowa a guje, kafin ka ce me sai ka ji ƙara, jama'a sun taru, kowa ya zama alƙali.

A doka maganar ba ta da wuya. Littafin ƙa'idojin tuƙi na hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ya ɗora wa mai fitowa daga ƙaramin layi nauyin tsayawa har sai babban titi ya ba shi hali. Wanda ya shigo bai duba ba aka buge shi, mafi yawan laifin nasa ne, ko da shi ne kwance cikin jini. Wannan gaskiya ce mai ɗaci ga 'yan'uwanmu masu babur, amma ɓoye ta cutar da su ne. Sai dai mai babban titi ma bai kuɓuta ba idan gudu yake yi fiye da kima, ko ya zo wuce wata mota a daidai kwana. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, kuma idan aka ninka gudu, nisan da burki ke buƙata ya ninku har huɗu.

Me ya sa abin ya yawaita a nan? Ina ganin babban dalili yana cikin dokokin hana okada. Gwamnatin Fashola ta hana babura bin hanyoyi 475 a jihar Legas a 2012. Gwamna Sanwo-Olu ya hana su baki ɗaya a ƙananan hukumomi 6 daga 1 ga Yunin 2022, ciki har da Ikeja, maƙwabciyar Agege, sannan a Satumba aka ƙara Mushin da Oshodi-Isolo da Kosofe da Somolu. Agege ba ta cikin jerin. Mutumin da ya baro Jigawa ko Zamfara yana ciyar da gida da babur ba zai jingine shi ba, inda aka bar masa zai koma. Babura suka taru a wuri ɗaya suna rububin fasinja, ga mai ya yi tsada tun cire tallafi a Mayun 2023, ga balas ɗin mai babur na jiran yamma. Mai wannan lissafi a ka, tsayuwar daƙiƙa biyar a bakin kwana asara ce a wurinsa.

Dalili na biyu shi ne wanda aka fi mantawa da shi, kuma shi ya fi damuna. Doka ta ce ka tsaya ka duba, to me za ka gani? Tsaya a bakin layi ɗaya kusa da kasuwa ka lura: danfo ya tsaya yana lodi daidai kan kwanar, gefensa keke uku a jere, ga lemar mai sayar da katin waya, ga teburin mai lemo ya hau kan lambatu. Mai fitowa dole ya cusa hancin motarsa cikin titi kafin ya hango abin da ke tahowa. Wanda ya toshe masa gani shi ne ya haddasa karon, amma da an ji ƙara zai ja motarsa ya yi gaba, babu mai rubuta lambarsa. Gadar Pen Cinema da aka buɗe a Maris 2021 ta rage cunkoso ƙwarai, jirgin ƙasa na Red Line ma ya zo a 2024, amma layukan cikin unguwa da yawa ba su da allon tsayawa, ba su da farin layi a ƙasa.

Akwai kuma masu bin hannun da ba nasu ba don yanke hanya. Mai fitowa daga layi hankalinsa na hagu, inda motoci ke zuwa, sai babur ya faɗo masa ta dama. A nan ba na ganin uzuri. Dokar sufuri ta Legas ta 2018 ta tanadi ƙwace abin hawan mai yin haka.

Abin da ke biyo bayan karo ya fi karon kansa ciwo. Kafin jami'in hukumar kula da zirga-zirga ta LASTMA ko ɗan sanda ya iso, an riga an yanke hukunci a titi, kuma ba a duban wa ya fito daga ina. Wani lokaci a ce mai mota ne da laifi tunda shi ne babba, mahaya su kewaye shi sai ya biya. Wani lokaci da an ji harshen mahayin shi ke nan, laifi ya zama na Bahaushe. Rikicin kasuwar Mile 12 na Maris 2016, wanda aka rasa rayuka a cikinsa har gwamnati ta rufe kasuwar, rahotanni sun ce daga babur da ya buge wata mata ya faro. Shi ya sa dattawan Zangon Hausawa ke gaggawar shiga tsakani: "Alhaji, a yi haƙuri, tsautsayi ne. Kai kuma yaro, ba shi haƙuri." Sulhun na kashe wuta, na yaba masa, amma yana binne tambayar wa ya yi kuskure, gobe a sake yi a kwana ɗaya.

Kuɗin magani kuwa kan mai rauni yake faɗawa. Mahayi da ya karye, in bai iya kuɗin asibitin ƙashi na Igbobi ba, wajen mai ɗori za a kai shi, abokan sana'a su yi karo-karo, in ya yi tsanani a sa shi a motar Arewa. Inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna dole ce a doka, kuma tun Janairun 2023 ta ƙaramar mota naira 15,000 ce a shekara, tana ɗaukar ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Amma kamfanin inshora yana neman rahoton 'yan sanda, wanda ya sasanta a bakin titi ya watse kuwa ba shi da shi.

Ƙaramar hukumar Agege da ƙungiyoyin direbobi za su iya janye wuraren lodi daga bakin kwana ba tare da jiran gwamnatin jiha ba. Shugabannin 'yan okada kuma su ke karɓar kuɗin tikiti kullum, sun san kowane mahayi da fuskarsa. Suna da ikon hana sabon zuwa ɗaukar fasinja har sai wani tsohon hannu ya zagaya da shi ya nuna masa kwanonin unguwar.