Yadda Ake Killace Tartsatsi da Garin Ƙarfe a Teburin Walda

Datti iri uku ne ke fita daga teburin mai walda, kuma kowanne da hanyar da yake bi. Ɗigon narkakken ƙarfe da ɓawon walda suna da nauyi, nan kusa da hannu suke faɗuwa. Tartsatsi da garin ƙarfe kuwa injin gurza yana watsa su nesa. Hayaƙi shi ne na uku, ba ya faɗuwa, tashi yake yi. A manyan masana'antun Sharada da Challawa da Bompai da ke Kano akwai filin da za a ware wa aikin wuta ɓangarensa. Matsalar tana ga ƙananan garejojin da suka kewaye su, inda ake ƙera ƙofa da taga da tanki a shagon da bai wuce taku bakwai ba, ga janareta a bakin ƙofa, ga jarkar fetur a lungu.

Injin gurza na hannu ya fi komai ɓata wuri. Faifansa mai faɗin milimita 115 yana juyawa kimanin sau 11,000 a minti ɗaya, kuma abin da ya kankaro yana fita ne a miƙe, ta inda faifan ya fuskanta. Ƙa'idojin kare gobara na Amurka sun tanadi a kawar da duk abin da ke kama wuta har tsawon mita 11 daga inda ake aikin. Ƙaramin gareji ba shi da wannan filin, don haka tarewa ita ce mafita. Ana kewaye bayan tebur da gefunansa biyu da fallen ƙarfe mai tsawon kamu biyu ko uku, a lanƙwasa gindinsa ya zama kwata, a ajiye tire mai yashi ko ruwa a ƙarƙashi. Tartsatsi ya bugi fallen, ya huce, ya zube wuri guda. Guntayen falle da ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa sun isa wannan aiki. Kwali da buhu da tamfol ba sa tarewa, abincin wuta ne kawai. Idan teburin na katako ne, sai an shimfiɗa masa ƙarfe mai kauri a sama.

Murfin faifai ma yana cikin lissafin. Da yawa daga cikin masu sana'a sukan cire shi wai yana tare musu gani, alhali shi ne ke juya tartsatsi ya nufi ƙasa, shi ne kuma ke tsakanin fuska da faifai ranar da ya fashe.

Ɓarnar garin ƙarfe a hankali take bayyana. Fankar injin walda tana zuƙo shi ciki, ya taru a kan wayoyi har ya haɗa wuta. Yana manne wa lasifikar wayar salula, yana ɓata fuskar gilashin mota, yana barin ɗigon tsatsa a kan fenti da zarar ya sha raɓa. Shi ya sa ake ajiye injin walda a bayan mai aiki, ba a kan hanyar tartsatsi ba. Wajen kwashewa, maganaɗisun tsohuwar lasifika da aka saka cikin leda ya fi tsintsiya: a bi da shi kan tebur, a juya ledar, garin ya zube cikin bokiti. Hura shi da iskar kwamfiresa tayar da shi kawai take yi zuwa huhu, musamman da hunturu, lokacin da iska ta bushe. A yayyafa ruwa kafin shara. Garin gorar ruwa ba ya bin maganaɗisu, kuma bai kamata ya gauraya da tsatsar ƙarfe ba, domin haɗin yana iya kamawa da wuta mai tsananin zafi. Guntaye masu nauyi a tara su a gefe, 'yan gwangwan suna saye.

Hayaƙi ba ya taruwa a tire. A shekarar 2017 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar. Ƙarfe mai rufin tutiya yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon jiki bayan wasu awoyi, wanda sau da yawa ake ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Ana kankare fenti da tutiya daga bakin wurin kafin a ɗora walda, a kafa tebur kusa da ƙofa, a sa fanka a gefe ta kora hayaƙin waje ba tare da ya ratsa ta fuska ba. Takunkumin ƙyalle ba ya tare shi.

Gangunan da ke fitowa daga masana'antun jima da na roba suna da nasu haɗarin: ko ganga ta zama fanko, tururin abin da aka zuba a ciki yana iya fashewa da tartsatsi guda. Haka nan tartsatsin da ya faɗa cikin tsumma mai maiƙo ko dusar katako yakan ci a ɓoye ba tare da harshen wuta ba. Saboda haka ake dakatar da aikin wuta aƙalla rabin awa kafin rufe shago, a duba ƙarƙashin tebur da lunguna, bokitin yashi kuma yana nan inda hannu zai kai.