Lodin Bayan Mota: Riba Ko Asara Ga Manoman Kura Da Bunkure?

Tun daga shekarar 1974 da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, noman rani ya bunƙasa a ƙasar Kura da Bunkure. Da zarar tumatir ya nuna, manoma kan shiga neman motar da za ta kai kwandunansu kasuwar Kwanar Gafan, a kan hanyar Kano zuwa Zariya, tun kafin ya lalace.

Wannan gaggawa ce kan sa a ga ƙaramar bas ta fasinja an buɗe bayanta, an jibga kaya har sun zarce gindinta, an tamke da igiya.

Hatsarin bai tsaya ga yawan kayan ba, har da wurin da aka ɗora su. Nauyin da ya zarce tayoyin baya yakan danne gindin mota, ya ɗaga gabanta. Alhali kuwa tayoyin gaba su ke juya mota, su ke yin mafi yawan aikin birki. In sun yi sakayau, sai sitiyari ya ƙi bin hannun direba a kan kwana.

Kowace mota tana da iyakar nauyinta, wadda kamfani kan rubuta a kusa da ƙofar direba, kuma lissafin ya haɗa da fasinjoji. Buhun shinkafa 5 masu kilo 100 rabin tan ke nan. Ya kamata a shimfiɗa kaya masu nauyi a ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya.

Sawu biyu ya fi cin mai, amma kwandon da ya kife a titi ba shi da mai saye.