Gurbin Baffa a Kasuwar Kara

Duk wani farin ciki da na gani a rayuwata, da hannun Baffa a ciki. Ranar saukata ta Alƙur'ani, shi ya jawo rago daga kasuwar Kara ta Birnin Gwari. Shi ya karɓar mini aure, kuma da aka haifi 'yata ta fari, ya dage sai an sa mata sunan mahaifiyarsa.

Daga baya daji ya lalace. Gonarsa ta gefen dajin Kamuku ta gagari zuwa, Kara ta mutu. A daminar 2021 ciwo ya kwantar da shi, aka ce sai Kaduna. Kwana uku muna jiran ayarin da za a raka ta hanyar Buruku. A dare na uku ya cika, mota na ƙofar gida. Irin wannan mutuwa ba ta shiga lissafin waɗanda 'yan bindiga suka kashe, amma a wurina su ne.

Da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe Kara a Nuwamban 2024, na je. Jama'a na murna, kuma sun cancanci murnar. Gindin tsamiyar da Baffa ke ɗaure dabbobinsa, wani yaro na tarar riƙe da tunkiya. Na taya, ban ko san abin da zan yi da ita ba.