Golf Ɗin Talaka: Faifai, Sarƙa da Kwando a Wani Lambun Niyok

Mu 'yan kasuwa da ke zaune a ƙasashen mutane, wurare uku muka sani: shago, masallaci, gida. In an samu na huɗu, to asibiti ne. Duba sa'o'inka a zangon Kwatano, ko Nima ta Akara, ko zangon Kumasi. Duk wanda ya haura shekara 50, ko dai yana haɗiyar maganin hawan jini, ko an raba shi da sukari a shayi. Likita zai ce maka, "Alhaji, ka riƙa motsa jiki," ka ce to, ka fito ka tari babur ya kai ka har bakin shago, ka zauna kan benci sai magariba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Amma ta yaya? Dattijo da furfura ba zai sa gajeren wando ya kama gudu a titi ba, mutane su riƙa tambaya ko lafiya. Ƙwallon ƙafa kuwa gwiwa ta daɗe da sallamarmu.

Shi ya sa nake so in ba ku labarin wani wasa da na gani, na kuma buga, a Amurka lokacin da na je ganin ɗan ƙanena da ke zaune a unguwar Bronx ta birnin Niyok. Golf ne, amma ba irin wanda muke gani a talabijin ba, na manyan mutane da sanduna masu tsada da kuɗin rajistar kulob. Wannan babu sanda, babu ƙwallo, babu rami a ƙasa. Faifan roba ne kake jefawa, faɗinsa bai wuce santimita 21 ko 22 ba, wato kamar ƙaramin faifan rufe ƙwarya. Abin da kake nema ya shiga kuwa kwandon ƙarfe ne da aka kafa a jikin sanda, tsayinsa daga ƙasa kimanin ƙugun mutum, ga sarƙoƙi suna reto a samansa. Faifai ya daki sarƙa, sarƙa ta kashe masa gudu, ya faɗa kwando. Ka tsaya a wurin da aka tanada ka yi jifan farko, ka taka zuwa inda ya faɗi, daga nan ka sake jefawa, har ya shiga. Ko da yake kwando ne, sunansa dai rami, gadon golf na asali. Wanda ya gama duka ramukan da mafi ƙarancin jifa shi ya ci. Dokar ke nan a taƙaice, yaro ɗan shekara 7 zai gane ta kafin a gama faɗa.

Asalin abin ma daga wasan yara ya fito. Wa bai taɓa wurga murfin gwangwani ko murfin bokitin fenti ya ga yana shawagi ba? Wani Ba'amurke, Walter Morrison, daga jifan murfi da farantin gasa kek ya kai ga ƙera faifan roba, ya sayar wa kamfanin Wham-O a 1957, su kuma suka raɗa masa suna Frisbee. Ma'aikacin wannan kamfani, Ed Headrick, shi ya mayar da jifan ya zama wasa mai tsari. A 1975 ya kafa fili na farko na dindindin a lambun Oak Grove da ke yankin Pasadena a jihar Kalifoniya, kuma a lokacin sanduna kawai ake jifa, babu kwando. A 1976 ya kafa ƙungiyar PDGA wadda har yau ita ke tsara dokokin wasan, a 1977 kuma ya yi rajistar kwandon nan mai sarƙa. Sarƙar ta kashe gardama: da, sai a yi ta musu ko faifai ya taɓi sanda ko bai taɓa ba, yanzu kuwa ko yana cikin kwando ko ba ya ciki. Ɗan kasuwa ya san darajar abin da ke raba musu. Daga Amurka wasan ya bazu, ya kuma kama sosai a arewacin Turai, musamman Finlan da Suwidin da Estoniya.

Filin da muka je yana cikin lambun Highland Park, a kan iyakar Brooklyn da Queens. An buɗe shi a 2024, kuma shi ne na farko na dindindin a cikin birnin Niyok, duk girman birnin nan. Gidauniyar Paul McBeth na cikin waɗanda suka taimaka aka kafa shi. Wannan McBeth sau 6 yana zama zakaran duniya, kuma a 2021 kamfanin Discraft ya ba shi kwantiragin dala miliyan 10 na shekara 10. Da ɗan ƙanena ya faɗa mini haka sai da na ce ya maimaita. Jifan faifai fa! Allah mai rabo.

Rami 10 ne a filin, kuma kyauta ne. Babu mai gadi da zai tambaye ka kati, babu tikiti. Daga Bronx sai da muka canja jirgin ƙasa, tafiyar ta ci fiye da awa ɗaya, mu huɗu: ni, ɗan ƙanena, matarsa, da 'yarsu mai shekara 9, wadda tun a jirgi ta fara yi mini tsiya irin ta jika da kaka, wai yau za ta ga ƙarshen cika bakin tsoho. Lambun kan tudu yake, da manyan itatuwa da hawa da gangara, amma an gajarta tazarar ramukan saboda masu koyo. Wannan shi ne abin da ake nufi da fili mai sauƙi: daga inda ka tsaya galibi kana hango kwandon, babu tafkin da zai haɗiye maka faifai, kuma ba ka bukatar ƙarfin saurayi kafin ka kai. Yawancin ramuka irin waɗannan jifa 3 aka yanka musu. Ka shigar da 3 ka cika ƙa'ida, ka shigar da 2 ka yi gwaninta, ka kai 5 ko 6 babu wanda zai kore ka.

Faifan iri uku ne, kuma a nan ne sabon shiga ke bukatar mai gaya masa gaskiya. Akwai na kusa, mai kaurin baki, wanda ake jefawa cikin kwando. Akwai matsakaici. Sai na nesa, mai siririn baki kamar wuƙa, wanda suke kira direba. Ido na son direba, don shi ne ake gani a bidiyo yana tafiya kamar ba zai sauka ba. To amma direba sai da gudu mai yawa yake miƙewa, in hannunka bai kai ba, yana tashi zai karkata hagu ya nutse ƙasa. Ɗan ƙanena ya ce, "Baffa, yau na kusa kawai za ka riƙe, shi za ka yi komai da shi." Haka aka yi, kuma da shi na zagaye filin duka. A jikin faifan za ka ga lambobi huɗu a jere: na farko gudu, na biyu shawagi, na uku yadda yake kaucewa dama a farkon tafiya, na huɗu yadda yake komawa hagu a ƙarshe. Mai koyo ya nemi wanda lambar farko ba ta wuce 5 ba, mara nauyi. Doka ta hana faifai ya wuce giram 200, amma yara da mata da tsofaffi irina mai giram 150 zuwa 165 ya fi mana daɗin hannu. Saiti mai faifai uku na roba mai araha, dala 25 na biya a shagon kayan wasanni.

Jifan kansa akwai hikima a ciki. Ba da ƙarfin damtse ake yi ba. Ka juya gefe, kafaɗarka ta dama na fuskantar kwando, ka miƙa hannu baya, sannan ka jawo faifan a miƙe ta gaban ƙirjinka, kamar yadda kake jan igiyar janareto. Duk wanda ya zauna a ƙasashenmu ya riga ya iya wannan motsi, wutar lantarki ta koya mana. Ƙugu ke fara juyawa, kafaɗa ta bi, hannu shi ne na ƙarshe. Bakin faifan na gaba kada ya ɗaga sama, in ya ɗaga sai iska ta shiga ƙarƙashinsa, ya yi sama kamar shirwa, ya tsaya, ya faɗo kusa da kai. Juyin da yake yi a iska shi ke riƙe shi a daidai, kamar yadda keke ba ya faɗuwa muddin taya na gudu. Da gudun ya ragu, faifan mai jifa da hannun dama zai gangara hagu, kullum, ba sihiri ba ne. Saboda haka sai ka saita ɗan dama da kwandon, ka bar shi ya dawo da kansa. Da ka kusa, cikin mita 10, doka ta ce ba za ka jefa ka bi faifan da tsalle ba, sai ka nuna ka tsaya daram bayan ya bar hannunka.

Ƙarar sarƙa idan faifai ya shiga, wallahi tana da daɗi. Ƙacau! Sai ka ji kamar ciniki ya faɗa.

Akwai ladubba da ya kamata a kiyaye, domin lambun na kowa ne. Ga mai tura jariri a keke, ga tsofaffi kan benci, ga masu yawo da karnuka. Ba a jifa sai gaba ta zama babu kowa, domin bakin direba na iya fasa goshi. Wanda faifansa ya fi nisa da kwando shi ke fara jifa, sauran su tsaya bayansa. In ayarin da ke bayanku ya fi ku sauri, ku matsa su wuce, haka muka yi wa wasu samari biyu, suka yi godiya, ɗayansu har ya tsaya ya nuna wa jikata yadda ake riƙe faifai. Ana rubuta suna da lambar waya a bayan faifai, kuma al'adar masu wasan ce wanda ya tsinci na wani ya kira shi. Doka ta ba ka minti 3 ka nemi wanda ya ɓata, in ba a gani ba a ƙara maka jifa ɗaya. Wanda zai shiga ciyawa nema a wannan yanki na Amurka ya sa dogon wando da safa, saboda akwai kaska mai sa ciwo, akwai kuma wani tsiro mai ganye uku-uku da ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje. Wani abin kuma, wasu na sa 'yan kuɗi a kan kowane rami. Wannan caca ce, ba ruwanmu da ita, wasan bai rasa komai ba in babu ita.

Babu tufafin dole. Ni da kaftani da hula na buga, sai takalmi mai rufi saboda gangara. Surukata da hijabinta ta buga, kuma a ramuka biyu ta fi mijinta. Mata na da nasu gasar ta duniya, 'yar Estoniya Kristin Tattar ta ɗauki kambun a 2022 da 2023. Da la'asar ta yi muka shimfiɗa sallaya a ƙarƙashin itace, babu wanda ya ko kalle mu. Lissafin ƙarshe: ɗan ƙanena 33, matarsa 39, jikata 43, ni 44. Har muka dawo Bronx yarinyar nan ba ta bar ni na huta ba, wai ta sake ni, ta fasa auren tsohon da yarinya ke kayarwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba lissafin ba ne. Kusan awa ɗaya da rabi muka yi muna tafiya, hawa da sauka, ban ji na yi wani motsa jiki ba sai da dare cinyoyi suka gaya mini. A tsawon wannan lokaci babu wanda ya ciro waya sai don rubuta maki. Tsakanin rami da rami ɗan ƙanena ya faɗa mini abubuwa game da aikinsa da bashin da ke kansa waɗanda kwana goma a falonsa bai faɗa ba. Mu iyaye 'yan kasuwa, mu faɗi gaskiya, yaranmu sun san mu da ba da kuɗin makaranta da faɗa. Da wuya ka samu wasan da uba da 'yarsa da matarsa za su yi tare ba tare da girman wani ya zube ba. Dara ta maza ce, langa ta samari, ludo a zaune ake yi. Wannan kuwa kowa da faifansa, kowa da lissafinsa, tafiya ɗaya.

To za a iya yinsa a wajenmu? Ina ganin za a iya, tunda su ma da sanda suka fara. Faifan ba shi da nauyi, guda goma ba su kai kilo 2 ba, duk mai dawowa daga Amurka ko Turai zai iya sako su a gefen akwati. Kwandon ne mai wahalar ɗauka, amma duk mai waldan da ke ƙera ƙofa zai iya haɗa shi in ka nuna masa hoto: bututun ƙarfe a tsakiya, kwando mai faɗin kimanin santimita 65 wanda bakinsa ke kimanin santimita 80 daga ƙasa, zobe a sama, sarƙoƙi 12 ko fiye suna saukowa daga zoben zuwa jikin bututun. Kafin a kai ga haka, a ɗaura jan ƙyalle a jikin itacen darbejiya a ce nan ne rami. Matsalar wuri ce. Bakin teku a Kwatano akwai fili, sai dai iskar can za ta wahalar da mai koyo, gara da sassafe kafin ta taso. Filin Idi da filin makarantar firamare ranar Lahadi sun fi dacewa, bayan an nemi izinin masu wurin, a kuma nisanci tagogi da inda ake ajiye babura.

Ni dai na dawo da faifai shida. Na zagaya bayan ma'ajiyar kayanmu na auna da ƙafa, akwai itatuwa huɗu da sandar wuta ɗaya, rami 5 ke nan, in aka je aka dawo 10. Mai walda ya ce kwandon farko zai kammala bayan sallah, ya kuma roƙi in bar masa faifai ɗaya don ya gwada ko sarƙar na kamawa.