Fasfo ta hanyar kakanni: Yadda haifaffun Barazil da Ajantina ke zama 'yan Italiya

Da yawanmu masu zuwa gidan kallon ƙwallo mun san Jorginho, wanda ya buga wa Chelsea da Arsenal. Ranar 11 ga Yulin 2021 yana cikin 'yan wasan Italiya da suka doke Ingila a filin Wembley suka ɗauki kofin ƙasashen Turai. To amma a garin Imbituba na ƙasar Barazil aka haife shi a 1991, sai da ya kai kimanin shekara 15 ya koma Italiya. Me ya ba shi damar sanya rigar ƙasar? Wani kakansa na nesa ne ta ɓangaren uba, wanda ya bar ƙauyen Lusiana a arewacin Italiya ya yi ƙaura zuwa Barazil.

Jini ko wurin haihuwa

Hanyoyi biyu ƙasashe suka fi bi wajen tantance ɗan ƙasa. Wasu, kamar Barazil da Ajantina, suna duba inda aka haifi yaro. Wasu kuma suna duba iyayensa, wato haƙƙin jini, abin da masana shari'a ke kira ius sanguinis da harshen Latin. Italiya tana cikin kashi na biyu. Shi ya sa yaron da Ba'italiye ya haifa a Barazil yake tashi da ƙasa biyu: Barazil ta ba shi saboda a can aka yanke masa cibi, Italiya ta ba shi saboda mahaifinsa.

Tushen maganar ƙaura ce. An haɗe Italiya ta zama ƙasa ɗaya ranar 17 ga Maris, 1861, amma talauci da ƙarancin gonaki suka hana mutanen karkara sakat. Tsakanin 1880 da 1915 mutum kusan miliyan 13 suka shiga jiragen ruwa suka fice. Wasu suka sauka a Amurka, wasu a Ajantina, wasu kuma suka nufi gonakin kofi na jihar Sao Paulo, inda ake neman leburori bayan Barazil ta haramta bauta a 1888. Da yawansu har suka mutu ba su karɓi takardar zama 'yan wata ƙasa ba, don haka a idon doka 'ya'yansu da jikokinsu 'yan Italiya ne, ko da ba su iya gaisuwa da Italiyanci ba.

Sarƙar da ba a so ta tsinke

Shekaru da dama dokar ba ta sa iyaka a kan nisan kakan ba. Abin da ake buƙata shi ne ya rayu a matsayin ɗan Italiya bayan 1861, sannan mai nema ya nuna cewa sarƙar ba ta tsinke ba daga kansa har zuwa wancan kakan. Idan kakan ya zama ɗan wata ƙasa kafin a haifi ɗansa, shi ke nan, sarƙa ta tsinke. Sai a 1992 doka ta yarda Ba'italiye ya karɓi wata ƙasa ba tare da ya rasa tasa ba.

A nan aikin yake. Dole a nemo takardar haihuwar kakan daga ƙaramar hukumar garinsu, ko rajistar majami'a idan an haife shi kafin hukuma ta fara rubutawa. Sai takardun haihuwa da aure da mutuwa na kowane mutum a cikin jerin, a fassara su zuwa Italiyanci, a buga musu hatimi. Harafi ɗaya da wani magatakarda ya rubuta ba daidai ba shekara ɗari da suka wuce yana iya tsayar da komai. A wasu ofisoshin jakadanci na Barazil mutane sun riƙa yin kusan shekara 10 suna jiran layi.

Mata kuma sun daɗe a baya. Tsohuwar dokar 1912 ta jingina gadon ga uba. Ko bayan an gyara, ofisoshi sun riƙa karɓar 'ya'yan mace ne kawai idan an haife su daga 1 ga Janairu, 1948, ranar da kundin tsarin mulkin ƙasar ya fara aiki. Sauran sai dai su je kotu, hanyar da wani hukuncin babbar kotu ya buɗe a 2009.

Me ake nema da wannan wahala? Mai fasfon Italiya yana da damar zama da karatu da aiki a ƙasashe 27 na Tarayyar Turai.

An rage faɗin ƙofa

Ranar 28 ga Maris, 2025, gwamnatin Giorgia Meloni ta fito da dokar gaggawa, majalisa kuma ta amince da ita a watan Mayu. Ministan Harkokin Waje Antonio Tajani ya ce a tsohon tsari mutum miliyan 60 zuwa 80 a duniya za su iya neman fasfon, kuma wasu kamfanoni sun mayar da abin kasuwanci. Sabuwar dokar ta tsaya a kan iyaye da kakanni: wanda aka haifa a waje kuma yake da wata ƙasa sai ya nuna cewa mahaifi ko mahaifiya, ko ɗaya daga cikin kakanninsa na kusa, ba shi da wata ƙasa sai Italiya, ko kuma ɗaya daga cikin iyayensa, yana ɗan Italiya, ya zauna a can shekara 2 a jere kafin haihuwarsa. Mai dogaro da kakan kaka, irin Jorginho, wannan ƙofar ta rufe masa.

Waɗanda aka haifa a can fa?

Ga ɗaya ɓangaren. An haifi Mario Balotelli a birnin Palermo a 1990, iyayensa 'yan Ghana ne. A Italiya ya girma, can ya yi makaranta, amma sai da ya cika shekara 18 a 2008 ya zama ɗan ƙasa. Haka 'ya'yan 'yan Najeriya da ake haifa a can suke jira, sai dai idan iyayensu sun riga sun samu. A watan Yunin 2025 an yi ƙuri'ar raba-gardama don rage shekarun da baƙo zai zauna kafin ya nema daga 10 zuwa 5, amma ta faɗi saboda masu zaɓe ba su kai rabi ba.

Mu ma a nan jini ake bi. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ɗauki yaron da aka haifa a waje a matsayin ɗan ƙasa idan ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne, sashe na 28 kuma ya bar ɗan ƙasa na haihuwa ya riƙe ƙasa biyu.

Ga batun muhawara ga ƙungiyoyinku na makaranta: wa ya fi cancanta da ƙasa, jikan da bai taɓa taka ta ba, ko yaron da aka haifa ya girma a cikinta? Kafin ranar muhawarar, kowa ya tambayi iyayensa inda takardar haihuwarsa take, ya kuma zauna da kaka ya rubuta sunayen iyayenta da garin da suka fito.