ƘIBA DA HAWAN JINI: ABIN DA MIZANI YAKE FAƊA

A garin Dogo, cikin gundumar Mirya, bisa hanyar da ta tashi daga Damagaram zuwa Magarya, in mutum ya yi ƙiba sai a ce ya samu hutu. Amarya in ta cika, a yaba wa mijinta. Amma ma'aikatan likita suna kallon al'amarin da wani ido dabam, domin ƙiba tana cikin manyan abubuwan da ke jawo hawan jini, wanda jama'a suke kira tansiyo.

Dalilin a fili yake. In jiki ya ƙaru, jinin da yake bukata shi ma sai ya ƙaru, zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi, ƙoda kuma ta riƙa riƙe gishiri da ruwa. In awo ya kai 14 bisa 9 ko ya zarce, kuma aka sake aunawa wata rana ya zauna nan, to cuta ta kama. Sau da yawa ba ta nuna alama, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye.

Binciken da gwamnatin Nijar ta yi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a shekarar 2007 ya nuna cewa fiye da mutum 1 cikin manya 5 yana da wannan cuta. Manomi da ke fama da hauya ya fi samun kariya bisa ɗan kasuwa ko ma'aikacin biro da ya saba da zama da hawan babur, ko da yake siriri ma tana iya kama shi. Matan da ke sayen ƙwayoyin ƙiba a kasuwa suna cikin babban haɗari, domin wasu ƙwayoyin da kansu suna hawar da jini.

Sai dai akwai mafita. Masana sun gano cewa duk kilo 1 da mai ƙiba ya rage yana saukar da awon jininsa kaɗan, kilo 10 kuwa yakan iya mayar da 15 kusa da 14. Hukumar ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, har da na dunƙulen miya, kuma a motsa jiki minti 150 a mako.

Saboda haka ya kamata kowane magidanci da iyalinsa su je gidan likita na Dogo a auna nauyinsu da jininsu, ko da suna jin garau. Wanda aka ɗora bisa magani kada ya daina sha sai da izinin likita.