Motar da rana da ƙura suka dusashe: a goge ta ko a sake fenti?

Duk wanda ya ratsa wuraren ajiye motoci na Sakatariyar Tarayya da tsakar rana zai ga motoci da dama masu lafiyayyen inji, amma rufinsu da murfin injinsu sun yi fari-fari kamar an barbaɗa toka. Tun da gwamnati ta mayar da alawus ɗin mota zuwa kuɗi a shekarar 2003, ma'aikata da yawa da motocin kansu suke zuwa aiki, kuma ranar da aka tashi sayarwa, fenti ne abin da dillali ke fara dubawa kafin ya karya farashi.

Ƙyallin motar zamani ba daga launin yake fitowa ba. A saman launin akwai wani shafi garai-garai da ake fesawa daga ƙarshe, wanda kaurinsa bai kai na takarda ɗaya ba. Zafin rana yana ƙona shi sannu a hankali, kashin tsuntsu da ƙaron itace suna cin sa. Sai dai babbar ɓarnar daga hannu take zuwa: direba ko mai gadi ya ɗauki busasshen tsumma ya share ƙurar hunturu kowace safiya. Ƙurar nan yashi ce mai laushi, don haka kowace shara tamkar samfefa ce. Wanki da omo kuwa yana kwashe man da ke kare fentin.

Saboda haka, kafin a biya ko sisi, a tabbatar ko shafin yana nan. A wanke motar, a duba ta da jiƙe. Idan ƙyalli ya dawo muddin ruwa na kanta, gogewa za ta yi magani. Idan kuwa wurin yana ɓarewa kamar saɓar maciji, ko farce na maƙalewa a cikin ƙarzar, to aikin ya zama na masu feshi, irin waɗanda ke garejin Apo.

Motar da ke da sauran rai, a inuwa ake mata aiki, jikinta a sanyaye. Bayan wanki da sabulun mota, ana bin ta da wani ƙullin roba mai kama da yumɓu don cire dattin da ya manne. Daga nan sai man gurza mai ɗan kaushi, sannan folish mai laushi, a rufe da waks. A fara gwadawa a ɗan ƙaramin wuri, da man da ya fi sauƙi.

Abin lura shi ne, gogewa ba ta ƙara komai a jikin mota. Ragewa take yi daga wannan siririn shafi. Mai injin goga da ya daɗe a wuri ɗaya, musamman a gefuna, yana iya ƙona fentin cikin daƙiƙu. Shi ya sa ba a yawaita ta.

Bayan an gama, kiyayewa ta fi araha: a zuba ruwa kafin tawul ya taɓa jiki, a sabunta waks kamar duk bayan wata 3, a nemi rumfa in da hali. Wannan umarni ga direba ba ya cin ko naira ɗaya.